Alƙalin Tsibiri da Jiragen Fito Arba'in

An ce wai, a wani zamani mai nisa da masu ba da labari suka saɓa a kan shekarunsa, an yi wani sarki a ƙasar Sansamo mai suna Mantau. Birninsa yana bakin wani gulbi mai faɗi, wanda in ka tsaya a gaɓar gabas da sassafe ba za ka hangi ta yamma ba, sai farin tururi kwance bisa ruwa kamar an shimfiɗa auduga. Fada da kasuwa suna gabas, gonaki da ƙauyuka suna yamma. Don haka duk abin da za a ci a birnin, daga damin gero har ƙwaryar nono, sai ya hau jirgin fito.

Mahaifin Mantau ya bar masa abubuwa biyu da ƙasar take tinƙaho da su. Na farko Dokar Kasuwa, wadda ta ce kada wani ya hana wani shiga sana'a, kada 'yan sana'a ɗaya su haɗa baki a kan farashi, kuma kada mai ƙarfi ya mallake hanyar da kowa yake bi don ya toshe ta. Na biyu alƙalin da yake tsaron dokar, Malam Ɗayyabu, wanda shi ne ya koya wa Mantau karatu. Don kada attajirai su riƙa kai wa alƙali gaisuwar da za ta karkatar da shi, tsohon sarki ya gina masa zaure a wani tsibiri a tsakiyar gulbi. Ya kuma ƙara sharaɗi a ƙarshen dokar: alƙali ba zai bar tsibirin ya shiga kasuwa ba, kuma ba zai saurari magana ba sai mai ƙara ya zo gabansa ya faɗa da bakinsa.

Da shekaru suka ja, sai kasuwa ta fara ramewa. Fatake suka sauya hanya, rumfuna da yawa suka zama makwancin awaki. Fadawa suka rabu biyu. Wasu suka ce dokar ce ba ta da amfani, a yaga ta sarki ya riƙa yanka farashi da kansa. Wasu suka ce dokar lafiyarta ƙalau, alƙalin ne aka saye, a tuɓe shi a kore shi daga ƙasar.

Da abin ya ishi sarki, sai ya aika ƙasar da ke maƙwabtaka da su aka ɗauko masa wani dattijo, Madugu Cindo. Shi wannan mutum ya daɗe yana jagorantar ayari, ya ci kasuwannin ƙasashe da dama, ya san inda ciniki yake da albarka da inda ba shi da ita. Yanzu ya tsufa ya ajiye tafiya. Idanunsa sun dushe, yana ganin duniya kamar ta bayan labule mai shara-shara, amma kunnensa da hankalinsa ba abin da ya taɓa su.

Sarki ya keɓe da shi ya ce, "Baba Madugu, na kira ka ne saboda ba ka da rumfa a kasuwata, ba ka da ɗan'uwa a fadata. In na yaga dokar nan, na ƙaryata mahaifina yana kabarinsa. In na tuɓe alƙali, na wulaƙanta wanda ya riƙe hannuna a kan allo. In kuma na yi shiru, birnina zai mutu ina kallo. Na ba ka wata guda. Ka auna mini dokar, ka auna mini mai tsaronta, ka gaya mini wanne ne ya gaza."

Cindo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, zan auna. Amma ina roƙon kada a haɗa ni da dogari, kada kuma a sanar da kowa abin da ya kawo ni."

Ya sa magatakarda ya karanta masa dokar sau uku. Ya same ta gajera, ba kwana-kwana a cikinta, har ya ce a ransa bai taɓa jin wadda ta fi ta tsari ba a duk yawonsa. Washegari ya ɗauki sandarsa ya gangara bakin gulbi.

Abin da ya tarar ya burge shi. Jiragen fito arba'in jere a bakin ruwa, kowanne da launinsa, wani shuɗi, wani ja, wani ruwan ɗorawa. A dusassun idanunsa sai launukan suka narke cikin juna, suna lilo a kan ruwa kamar zannuwan da aka shanya a marina. Kowane mai jirgi yana kiran mutane da ƙarfi, yana yabon nasa. Cindo ya ce a ransa, inda masu sana'a arba'in suke ƙwace mai saye a tsakaninsu haka, ai ba a maganar babakere.

Amma da ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kuɗin fito, sai ya ji bakinsu ɗaya, ba mai ragi ko na kwabo. Ya kuma lura ko jirgi ya cika ba ya tashi. Mata suna zaune a ciki rana tana dukansu, sai can an buga wata ganga daga wata rumfa a kan tudu, sannan jirage uku su tashi tare, sauran su ci gaba da jira.

Wani mai shuɗin jirgi ya tambaye shi, "Baba, ina zuwa?"

"Tsibiri."

"Lafiya dai?"

"Gaisuwa zan kai wa Malam."

"To, bismilla."

Suka ratsa cikin tururi. Gaɓa ta ɓace a bayansu, ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga filafili da kukan wani zalɓe daga nesa. Cindo ya ji kamar jirgin a tsaye yake, tsibirin ne yake tahowa. Da suka isa ya tarar da zaure mai tsabta a ƙarƙashin itatuwan giginya, tsattsewa sun yi sheƙa a azararsa. A ciki wani dattijo siriri yana zaune a kan buzu, ya sha rawani kamar mai jiran baƙi, ga kundi a gabansa, ga tawada sabon haɗi.

Bayan sun gaisa, Cindo ya ce, "Allah gafarta Malam, ni baƙo ne, na ji labarin zauren nan na ce sai na gani. Yaya shari'a?"

Malam Ɗayyabu ya buɗe kundin ya miƙa masa. Cindo ya kusanto da shi dab da fuskarsa, ya yi ta buɗe shafuka. Na farko-farko cike suke da rubutu. Daga nan sai fari fat har ƙarshe.

Alƙali ya ce, "Shekara goma sha biyu ke nan ba wanda ya kawo mini ƙara. Kullum nakan naɗa rawani bayan sallar asuba, in dama tawada, in zauna. In na ji motsin ruwa sai gabana ya faɗi, in ce ga mai ƙara nan, sai in ga masu kawo mini abinci ne. Nakan tambaye su labarin kasuwa, su ce lafiya lau. Wani lokaci in ce wa kaina ƙasar ce ta gyaru har ba a bukatata. Wani lokaci kuma in ce ko dai na mutu ne ba a gaya mini ba."

"Malam bai taɓa sha'awar ya leƙa kasuwar da kansa ba?"

"Sha'awa kam kullum. Amma doka ta hana, ni kuwa ita aka ba ni tsaro. In na fara da karya ta, da wane baki zan hukunta wani?"

Cindo ya dubi rigar alƙalin mai faci a kafaɗa, ya dubi tulunsa da butarsa, ya san ba wanda ya sayi wannan mutum. Ya koma birni zuciyarsa a cunkushe. Doka mai kyau, alƙali mai gaskiya, kasuwa kuma tana mutuwa.

Bayan kwana biyu ya sake gangarawa, wannan karon wajen mai jan jirgi.

"Baba, ina zuwa?"

"Tsibiri. Ƙara zan kai."

Mutumin ya sosa ƙeya ya duba ƙasan jirginsa. "Kai, Baba, ka yi haƙuri, yoyo yake yi. Gwada na gaba."

Na gaba ya ce ruwa ya yi ƙarfi yau ta wajen tsibiri. Na gaba da shi ya ce kafaɗarsa ke ciwo. Wani ya ce an ga dorina a hanyar. Ba wanda ya ɗaga masa murya, kowa da ladabinsa da "Allah ya kai mu gobe". Kwana shida Cindo yana zuwa, ya bi jirage arba'in kaf, ya samu uzuri arba'in ba wanda ya yi kama da wani.

A rana ta shida yana zaune a gindin wani ɓaure yana hutawa, sai wata tsohuwa mai sayar da nono, wadda ita ma ganga take jira, ta dube shi ta ce, "Malam, kwana nawa ina ganinka. In ƙara za ka kai, ka huta. Ni nan nonona yakan yi tsami a cikin jirgi kafin a buga gangar can, na kuma biya abin da suka yanka. Mun je fada, aka ce maganar kasuwa ta alƙali ce. Mun zo nan, ka ga yadda ake yi. In kana son ka ji ƙarshen labarin, je ka unguwar masassaƙa ka nemi Nomau."

Ya tarar da Nomau a ƙofar gidansa da gizago a hannu, turame jere a gabansa. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai furfura jefi-jefi. Da ya ji abin da ya kawo baƙon, sai ya ja shi zuwa bayan gida. A ƙarƙashin wata rumfar kara akwai jirgi dogo na maɗaci, an sassaƙe shi sumul, yana kan duwatsu. Cindo ya shafa gefensa tun daga kai har wutsiya. Hasken rana da yake ratsowa ta tsakanin karare yana rawa a jikinsa, sai ka ce ruwa ne yake wasa da shi, alhali bai taɓa jiƙa ba.

Nomau ya ce, "Gidanmu gidan jirgi ne tun kakanni. Da masu fito suka haɗe, suka daina sayen sabo sai dai gyara, na koma turmi. Wannan na yi wa kaina ne, shekara tara da suka wuce, na ce in ba mai saye ni zan tuƙa. Na tara mutane muka ɗauke shi zuwa bakin ruwa. Mashigi na farko aka ce na ƙungiyar masu fito ne. Na biyu haka, har na bakwai. Sauran gaɓar kuwa ka gan ta, gangare ne da laka mai haɗiye mutum. Na ce to zan kai ƙara. Wa zai kai ni? Ga jirgi a hannuna, ba inda zan sa shi a ruwa. Ga alƙali ina hango giginyarsa, tsakanina da shi kadoji. Muka sake ɗauko shi muka dawo gida, mutane suna dariya."

"Wa ke riƙe da mashigan?"

"Sarkin Jirgi Gwadabe. Shi ne mai gangar."

Cindo bai nemi Gwadabe ba, Gwadabe ne ya neme shi. Da la'asar ya zo masaukinsa shi kaɗai, dogon mutum mai sanyin murya, ya gaishe shi da girmamawa ya zauna a ƙasa.

Ya ce, "Baba, an gaya mini akwai wani dattijo da yake bin jiragenmu, kuma ya je gidan Nomau. Ban san wanda ya aiko ka ba, amma ina so ka ji nawa. Kafin mu haɗe, kowa gashin kansa yake ci a gulbin nan. Mai jirgi ya loda mutum talatin a inda ashirin ya kamata, don kada na kusa da shi ya samu. Su yi tsere a tsakiyar ruwa. Ranar wata kasuwa da damina jirage biyu suka yi karo. Mahaifiyata tana ciki, da ƙanwata da goyonta. Kwana uku muna tsamo mutane. Ni na wanke hannun mahaifiyata daga laka, tana riƙe da ɗaurin daddawar da za ta sayar. A ranar na yi rantsuwa ba za a sake ba. Na haɗa masu fito, na sa ganga, na karɓe mashigai don kada wani mai ganganci ya shigo. Shekara goma sha biyu, ko akuya ba ta nutse ba. In wannan laifi ne, a gaya mini."

Cindo ya saurare shi har ƙarshe. Ya so a ce mugu ya tarar, da aikinsa ya yi sauƙi. Daga baya ya ce, "Allah ya jiƙansu. Na ji, kuma ba zan manta da shi ba."

Sauran kwanakin ya yi su ne a gindin ɓauren nan. Yakan zauna tun hantsi yana kallon ruwa, gyangyaɗi ya ɗauke shi ya sake shi, har ya kasa raba abin da yake gani da abin da yake mafarki. Wani lokaci ya ga jirage arba'in sun zama jirgi ɗaya mai tsawon gaske. Wani lokaci ya ga tsibirin ya tsinke yana bin ruwa da alƙalinsa a zaune. In ya tuna tsohuwa mai nono da Nomau sai ya ce a buɗe gulbi. In ya tuna hannun da aka wanke daga laka sai ya ce a bar shi yadda yake. Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya tafi fada ya roƙi sarki abu ɗaya: a yi zaman jin hukunci a bakin gulbi, ranar kasuwa, a gaban kowa.

Ranar ta zo. Aka yi wa sarki shimfiɗa a kan tudu, fadawa suka kewaye shi, jama'a suka cika gaɓa. Tururi bai gama tashi ba, giginyun tsibiri suna leƙowa ta samansa kamar ba su da tushe.

Cindo ya tsaya ya dogara da sandarsa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kafin in faɗi abin da na auna, ina da ƙara. Ina ƙarar ƙungiyar masu fito. Doka ta ce in je gaban alƙali in faɗa da bakina. Sarkin Jirgi, za ka kai ni?"

Gwadabe ya ce, "Da hannuna zan tuƙa ka, Baba."

"Na gode. Amma kai nake ƙara. Ba daidai ba ne mai ƙara ya sa ransa a hannun wanda yake ƙara a tsakiyar ruwa, ko da wanda ake ƙarar mutumin kirki ne. Ranka ya daɗe, a ba ni wani jirgin da ba na ƙungiya ba."

Sarki ya juya ga fadawa ya ce a kawo. Fadawa suka dubi juna. Aka dubi shuɗi, aka dubi ja, aka bi jerin har ƙarshe. Ba wanda ya motsa. Shiru ya yi tsawo har ana jin ruwa yana lasar gefen jirage.

Cindo ya ce, "Wannan shirun shi ne abin da na auno maka. Dokar mahaifinka ba ta yi ƙarya ba, duk abin da ta hana abin hani ne. Malaminka bai ci amana ba, yana can da rawaninsa yana jira tun shekara goma sha biyu. Amma hanya ɗaya ce tak tsakanin wanda aka zalunta da alƙali, kuma tana hannun waɗanda za a kai ƙara. Mahaifinka ya nisanta alƙali da masu kuɗi don ya tsare shi, sai nisan ya raba shi da masu kuka. Farin kundin da ake nuna maka a ce ƙasa lafiya, ba shaidar lafiya ba ce, shaida ce cewa ba mai iya isa."

Sarki ya sunkuyar da kai. Gwadabe ya matso ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban musa ba. Amma in aka buɗe gulbin nan kowa ya shigo, wa zai hana a koma tsere da lodi? Ni ba don dukiya na yi ba, don rayuka na yi."

Jama'a suka fara guna-guni, wasu na cewa ƙarya ne, wasu tsofaffi da suka tuna shekarar haɗarin na cewa gaskiya ne. Sarki ya dubi Cindo.

Cindo ya ce, "Ba wanda ya san cikin zuciyarsa sai Allah, amma akwai hanyar da zai nuna mana. Abu biyu Gwadabe ya haɗa a hannu ɗaya: tsaron rayuka da cin ribar fito. Mai tsaron rayuka yana hana jirgi tashi don ya yi nauyi. Mai cin riba yana hana jirgi tashi don ba nasa ba ne. In hannu ɗaya ke yin duka biyun, ko shi kansa ba zai san dalilin da ya sa ya hana ba. Shawarata ita ce mashigai su koma na kowa kamar yadda turba take, ganga kuma a sauke ta, kowane mai jirgi ya faɗi kuɗin fitonsa da bakinsa. Shi kuwa Gwadabe a ba shi zaɓi. Ko ya riƙe jiragensa ya zama mai fito kamar kowa, ya ci ribarsa halal, ba ya hana kowa ba ya umartar kowa. Ko ya rabu da su duka, ya zama mai duba jirage a ƙarƙashin alƙali. Shi zai tsaga wa kowane jirgi alamar da ruwa ba zai wuce ba, ya hana mai ruɓaɓɓen katako, ya kai mai tsere gaban shari'a. Amma ba zai mallaki ko filafili ɗaya a gulbin nan ba, shi da 'ya'yansa, muddin yana kan aikin."

Kowa ya zuba wa Gwadabe ido. Cikin jirage arba'in ɗin nan goma sha ɗaya nasa ne, kuma su ne suka gina masa gida. Ya juya ya dube su suna lilo a bakin ruwa. Ya dubi tsakiyar gulbi, wani wuri da shi kaɗai ya san abin da yake gani a can. Da ya juyo idanunsa sun kawo ruwa.

Ya ce, "A ba ni wuƙar tsaga alama. Jiragen a sayar wa waɗanda suke tuƙa su."

Cindo ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ji. Da gaske yake. Kada a hukunta shi a kan abin da ya wuce fiye da abin da ya hukunta kansa yanzu."

Sarki ya ce, "Na yarda. To dokar fa, Baba Madugu? Da malamina?"

"Dokar a bar ta, sharaɗin ƙarshe kaɗai za a gyara. Alƙali ya samu jirginsa na kansa da matuƙin da ba ya cin abinci a hannun kowa sai baitulmali. Kowace ranar kasuwa ya ƙetaro ya zaga da ƙafarsa, ya tambaya ko ba a kawo masa ƙara ba. Wanda kuma yake tsoron a ga fuskarsa, ya aiko da magana a bincika. Mai tsaron doka da aka hana shi fita ya duba, tsare shi aka yi, ba tsaro aka ba shi ba."

Da Cindo ya ba shi labarin jirgin Nomau, nan take sarki ya aika a ɗauko shi. Mutum ashirin suka saɓo shi a kafaɗa ta tsakiyar kasuwa, mata suna guɗa. Gwadabe da kansa ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa katakon yana saurare, ya ce ba aibu, ya tsaga masa alama. Da aka tura shi ruwa ya yi ɗan tangaɗi sannan ya daidaita. Nomau ya shiga ya riƙe filafili. Sarki ya ce ba wanda zai je ya ɗauko malaminsa sai shi, ya tattare rigarsa ya shiga tare da Cindo.

Malam Ɗayyabu ya ji motsin ruwa ya fito bakin zaure. Da ya ga mai saukowa, ya ce, "Mantau? Ƙara ka kawo?"

Sarki ya durƙusa a gabansa kamar yadda yake yi a makaranta ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙara na kawo, kuma kaina nake ƙara. Na bar ka a nan ina jin daɗin shirunka. Taso mu je, akwai mutane a gaɓa da suka daɗe suna son magana da kai."

Abin da ya biyo baya bai zo da sauƙi ba. Masu fito da yawa sun yi fushi, don sun saba da samu ba tare da neman mai hawa ba. An yi rigingimu a mashigai. Sau biyu Gwadabe ya kama masu lodi, ɗaya ma ɗan ƙanensa ne, ya kai su gaban alƙali. Ƙararraki suka yi ta zuwa, ba a kan fito kaɗai ba, har da masu gishiri da suka haɗa baki da dillalan hatsi masu ɓoye kaya, abubuwan da aka daɗe ana haɗiyewa. Amma jirage suka riƙa tashi da sun cika, nono yana isa kasuwa da sanyinsa, kuma kafin kaka biyu fatake suka dawo da ayarinsu.

Cindo bai tsaya ganin wannan duka ba. Ranar da zai koma gida, sarki ya rako shi har ƙofar gari, ya ce masa, "Baba Madugu, kwana bakwai kacal da buɗe gulbi, ƙara ta fi talatin. Da ba na jin ko ɗaya. Anya ban tayar wa ƙasata da fitina ba?"

Cindo ya yi murmushi ya ce, "Fitinar tana nan tun da, ranka ya daɗe, yanzu ne ta samu bakin magana. Ranar da aka sake zuwa aka ce maka ba mai kuka ko ɗaya a kasuwarka, ranar za ka tashi tsaye."

"In na so in sake aunawa bayan ba ka nan, da me zan auna?"

Dattijon ya hau jakinsa, ya gyara zama, ya ce, "Ka nemi mafi rauni a kasuwarka, ka bi shi a baya ranar da aka zalunce shi, ka ga ko zai isa."

Daga wannan labari ne masu hikima na ƙasar suka ɗauki maganar da suke gaya wa duk wanda aka ba riƙon jama'a: ba a sanin darajar doka da kyan rubutunta, ba a kuma saninta da tsarkin alƙalinta kaɗai, ana saninta ne in wanda aka zalunta zai iya kaiwa gaban alƙali ba tare da ya bi ta hannun wanda ya zalunce shi ba.